Yadda Muka Yi Lodin Taragon Gero Daga Nguru Zuwa Kano

Layin dogon da ya tashi daga Kano ya tuƙe a Nguru reshe ne mai tsawon kusan kilomita 230, an gama shimfiɗa shi a 1930. A yau ya ratsa jihohi uku, Kano da Jigawa da Yobe. Layi ɗaya ne tilo, kuma tazarar da ke tsakanin kwangiri da kwangiri milimita 1,067 ce, wato ƙafa uku da rabi. Don gyaɗa da fatu da ƙaro da shanu aka yi shi, busasshen naman Nguru da bandar kifi suka bi sahu, ga kuma kanwar da ke gangarowa daga ƙasar Manga. Da zamanin gyaɗa ya wuce sai kayan reshen suka ragu, har ya zama jirgi guda ke ɗaukar mutane da kaya tare. A irin wannan jirgin haɗaka ne muka aika gero tarago guda, cikin hunturu, a shekarun da yake zuwa Nguru a kai a kai. Ga yadda aikin yake daga farko har saukewa.

Ana fara shi ne a ofishin shugaban tasha. Za ka faɗi irin kayan, da nauyinsu, da tashar da za su sauka, da sunan wanda zai karɓa, akawun kaya ya rubuta. Abin da sabon shiga ba ya ganewa shi ne ƙarshen reshe ba wurin ajiyar taragu ba ne. Taragon da za ka samu ko dai a turo shi fanko daga Kano, ko kuwa ka jira wanda ya kawo wa wani siminti ko taki ko sukari a sauke shi. Saboda haka ana neman tarago tun kafin zuwan jirgin da ke gaba da wanda kake son ya tafi da kayanka. Wanda ya zo ranar tashi da buhunansa a kan amalanke yana tambaya, to kayansa za su kwana a tasha har zuwa na gaba. Hatsi rufaffen tarago yake so. Buɗaɗɗe yana yi idan ba yadda za a yi, amma sai da tamfol mai kyau da igiya, kuma kar a yarda da shi da damina.

Da aka turo mana namu kan layin lodi, ba mu taɓa buhu ko ɗaya ba sai da muka duba shi. Dubawar da ta fi kowace amfani ita ce a shiga ciki da tsakar rana a ja ƙofofi biyu a rufe. Duk inda haske ya tsirgo, to nan ruwa da ƙura za su shigo. Mun sami tsirgi biyu a rufi kusa da kusurwa, muka liƙe su daga sama da kwalta da ƙyalle. Sai kuma hanci: taragon da ya ɗauki kananzir ko taki ko fatu yana riƙe wari a katakon daɓensa, kuma gero yana shan wari kamar yadda yake shan danshi. Mai saye a kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano da ya soka bututu ya shinshina zai gane, farashi ya faɗi nan take. Idan kanwa aka sauke, a share ta tsaf, domin tana cin buhu tana kuma jawo laima. Bayan shara sai a bi bango da tafin hannu ana laluben ƙusa da bakin ƙarfen da ya lanƙwaso. Ƙusa guda ta isa ta farke buhu, jijjigar hanya kuma ta tsiyaye shi tas kafin Ringim. A ƙarshe a gwada sakatar ƙofa, a ga tana shiga ramin ta har ƙarshe.

A jikin kowane tarago akwai lambobi uku da ya wajaba a karanta: lambarsa, nauyinsa in ba kaya, da iyakar abin da zai ɗauka. A ɗauka an rubuta tan 15 fanko, kaya tan 30. Jimla tan 45 ke nan, kuma tarago mai gatari huɗu ne, wato sandar ƙarfen da ke haɗa ƙafar hagu da ta dama, biyu a gaba biyu a baya, don haka kowane gatari yana danna kwangiri da tan 11 da kwata. Wannan lissafin na gatari shi ne abin da layi ya sani. Kwangirin reshe bai kai na babban layi kauri ba, ƙananan gadoji da kwalbatocinsa ma an gina su ne daidai da wani nauyi. Shi ya sa shugaban tasha yana iya ce maka ka rage ko da jikin taragon ya ba ka dama, kuma maganarsa ce a kan gaba.

Tan 30 buhu 300 ne masu kilo ɗari-ɗari. Matsalar ita ce buhun kasuwa ba kilo ɗari cif ba ne. Ana cewa kwano arba'in, amma mai awo yana tozo, mai ɗinki yana ƙara kai. Mun ɗora buhu goma a sikeli, muka zaɓe su daga wurare daban-daban na tarin, matsakaicinsu ya fito kilo 105. Ƙarin kilo biyar sau 300 tan ɗaya da rabi ne, wanda ido ba ya gani. Sai muka tsaya a buhu 285, abin da ya ba mu tan 29.9. Taragon da aka cika fiye da ƙima yana danne sifirin ɗinsa har ya daina lotsawa, daga nan duk wani gargada na hanya kai tsaye yake dukan gatari, mazaunin gatarin ya yi zafi. In kuma aka auna shi a babban sikelin tasha aka kama, akwai tara, akwai sauke rarar a inda ba ka da kowa.

Jeren buhu a ciki shi ne inda na ga an fi yin sakaci, kuma nan ne ake asarar da ba ta da dalili. Da farko a shimfiɗa zana ko tsofaffin tabarmi a ƙasa, a jingina wasu a bango. Jikin tarago ƙarfe ne, da rana ya gasu, da dare ya yi sanyi, sai ya yi zufa daga ciki, buhun da ya manne da shi ya jiƙe. Don haka ma hatsin da bai bushe ba bai kamata ya shiga rufaffen tarago ba. A ciji ƙwayar gero, in ta fashe da ƙara ta bushe, in ta lotsa a ƙara mata rana. Ana fara jeri daga kusurwoyi biyu lokaci guda, ana tahowa tsakiya inda ƙofa take, domin nauyi ya zauna daidai a kan ƙafafun gaba da na baya. In aka cika gefe ɗaya aka bar ɗaya, ƙafar da ba ta da nauyi tana iya hawa kan kwangiri a kwana, kuma haka tarago ke gocewa daga layi. Hagu da dama ma a daidaita. Kowane sahu a giciye shi kan na ƙasa kamar jeren bulo, bakin ɗinki yana duban ciki. A bakin ƙofa a bar tazarar taƙi guda, sahun ƙarshe ya ɗan kwanta ciki. Buhun da ya jingina da ƙofa yana hana ta buɗuwa a Kano, in kuma ta buɗe da ƙarfi yana iya faɗo wa mai buɗewa.

'Yan dako goma muka ɗauka, da faffaɗan katako daga ƙasa zuwa bakin ƙofa. Ƙirga da baki ba ta aiki a cikin hayaniyar tasha. Mutum ɗaya ya zauna a gindin katakon da tsinkaye, yana miƙa tsinke ga duk ɗan dakon da ya hau da buhu, wani kuma a ciki yana jan layi a takarda biyar-biyar. A ƙarshe tsinkayen hannun 'yan dako su ne kuɗin aikinsu, kuma dole su yi daidai da takarda. An fara bayan asuba, kafin hantsi ya dubi ludayi an gama.

Ana cikin lodi aka buƙaci matsar da taragon 'yan taku kaɗan don ya daidaita da tarin. Mutum huɗu da ƙarfen bankara ɗaya suka motsa shi. Ƙafar ƙarfe a kan kwangiri ba ta da turjiya sosai, ƙarfin kilo biyu zuwa uku ya isa ya ci gaba da tura kowane tan. Wannan ne sirrin arahar jirgin ƙasa, kuma shi ne haɗarinsa. Gangaren da ido ba ya gani, taƙi ɗaya cikin ɗari huɗu, yana iya sa tarago ya fara tafiya shi kaɗai ba ƙara ba motsi. Duk lokacin da aka tsayar da shi sai a ɗaure birkin hannu a kuma sa weji a ƙarƙashin ƙafa. Yara suna son inuwar ƙarƙashin tarago, masu tallan fura ma haka. A kore su, ko da za su ji haushi.

Abu ɗaya da nake roƙon duk mai hatsi ya kiyaye: kar a jefa ƙwayar maganin ƙwari da ake kira bom a cikin tarago a rufe. Masu wake sun fi yin haka don tsoron ƙwaro. Ƙwayar tana sakin iska mai guba da zarar ta ji danshi, tarago kuwa ba ya riƙe iska, ga fasinjoji a jirgi guda, ga ma'aikacin da zai buɗe ƙofa bai sani ba. A yi maganin a sito, a bar kwanakinsa su cika, a sha iska, sannan a kawo tasha.

Da aka rufe ƙofofi, akawu ya zura waya a sakata ya matse hatimin dalma a kowane gefe. Aka cika takardar kaya, wadda ma'aikata ke kira webil: lambar tarago, adadin buhu, nauyi, tashar tashi da ta sauka, mai aikawa, mai karɓa, kuɗin da aka biya. A tsaya a karanta ta kafin a sa hannu, musamman lambar tarago da lambar hatimi. A kuma tambayi sharaɗin da aka rubuta kayan a kai, domin akwai farashin da asara ke wuyan mai kaya, akwai wanda take wuyan masu jirgi, kuma na farkon ne mai araha. Sai a maƙala katin shaida a gefe biyu na taragon. Katin nan ƙarami ne amma shi masu shantin, wato masu raba taragu da haɗa su a tasha, ke karantawa, in ya faɗi tarago yana iya wucewa Zariya alhali mai shi yana jira a Kano.

Washegari da duku-duku aka fara haɗa jirgi. Jerin ba na ganin dama ba ne. Taragu masu nauyi suna gaba da fanko, saboda fankon da aka matse tsakanin masu nauyi shi ne ke ɗagawa idan aka taka birki da ƙarfi. Wanda za a ajiye a hanya ana sa shi inda za a cire shi ba tare da an wargaza jirgin duka ba. Tankin mai ba ya maƙwabtaka da taragon mutane. A can ƙarshe kuma taragon mai kula da jirgi, da fitilarsa ja a baya, wadda kowace tasha ke dubawa don ta tabbata jirgin ya wuce cikakke, bai bar wani yanki a hanya ba.

Bayan an ƙulla mahaɗan ƙarfe, sai a haɗa tiyon birki daga tarago zuwa tarago. Tsofaffin taragun wannan layi birkinsu na zuƙe iska ne. Kan jirgi yana zuƙe iskar da ke cikin bututun da ya bi jirgin daga farko har ƙarshe, sai birki ya saki. In iska ta koma ciki, birki ya kama. Hikimar ita ce in jirgi ya tsinke, tiyo ya rabu, iska ta shiga, ɓangarorin biyu su tsaya da kansu. Ma'aunin direba yana nuna wajen inci 20, na taragon ƙarshe kuma bai kamata ya yi ƙasa da haka da yawa ba. Gwajin da ake yi kafin tashi shi ne mai kula da jirgi ya buɗe makunninsa a can baya, direba ya ga allurarsa ta faɗi. In ba ta faɗi ba, akwai inda bututun bai haɗu ba ko ya toshe. Mai duba taragu yana bi ɗaya bayan ɗaya da guduma, yana ganin takalmin birki ya kama ƙafa ya kuma saki, yana ƙwanƙwasa kowace ƙafa. Lafiyayyiya tana amsawa da ƙara mai tsawo, mai tsaga tana yin ƙwas. Yawancin jinkirin tashi daga nan yake fitowa, kuma sau da yawa ƙaramar robar bakin tiyo ce da rana ta busar ta tsage, ana binta da kunne har a ji inda take shan iska. Sababbin taragu na matsa iska ne, akasin wannan, kuma ba a haɗa tiyon iri biyun.

A wannan lokacin fasinjoji sun cika dandamali. Mai ƙullin kaya yana shiga da shi, amma mai buhu biyu ko uku, ko kwandunan bandar kifi, ko keken ɗinki, sai a auna a ba shi tikitin kaya a sa su a taragon ƙananan kaya. Waɗannan ƙananan kaya su ne ran jirgin reshe. Matar da ke kai buhun wake ɗaya ba za ta iya ɗaukar shatar mota ba, a nan kuwa ita da buhunta suna tafiya tare da kuɗi kaɗan. Mai tarago guda yana biyan man jirgi, masu tikiti suna sa jirgin ya tashi a ranarsa ko da kaya sun yi ƙaranci.

Tunda layi ɗaya ne, direba ba ya motsawa sai da izini a hannu. Shugaban tasha yana kiran tasha ta gaba ya tambaya ko hanya a buɗe take, a amsa masa, su biyun su rubuta a littafi, sannan a miƙa wa direba shaida, takarda ko sandar ƙarfe ta wannan tsakanin. A tasha ta gaba ya mayar da ita ya karɓi wata. Ba a ba mutum biyu shaidar tsakani ɗaya. In layin waya ya katse, jirgi yana iya tsayawa awa guda ba abin da ya lalace a jikinsa. Na ji wani dattijo ya leƙo ta taga yana tambayar mai tuta, "Ɗana, lafiya dai?" Shi kuma ya ce, "Lafiya lau, Baba, hanya muke jira a ba mu."

Kilomita 230 a gudun kilomita 30 cikin awa kusan awa takwas ne ba tsayawa, kuma tsayawa ba ta ƙirguwa. Daga Nguru zuwa Birniwa abokin gaba yashi ne. Iskar hunturu tana tara shi a kan layi, yana cika ramin da leɓen ƙafar tarago ke bi a mararrabar hanyar mota, yana shiga harshen canjin layi ya hana shi mannewa sosai. Mai canja layi yana share harshen da tsintsiya kafin ya ja, kuma yana duba da ido ya ga ya manne, domin tazarar kaurin yatsa ta isa ta raba ƙafafun tarago kan layi biyu. Yashin kuma yana shiga akwatin mazaunin gatari ya gauraya da mai. A kowace doguwar tsayawa mai duba taragu yana bi yana taɓa akwatunan da bayan hannu. Ɗumi daidai ne, wanda hannu ba zai iya zama a kai ba matsala ce, warin ƙonannen mai kuwa alama ce ta a cire taragon a ajiye a tashar. In taragonka ne, kayanka sun tsaya ke nan sai an gyara, shi ya sa mai kaya ko wakilinsa ke bin jirgin da webil a aljihu.

Malam Madori, tashar mutanen Haɗeja, nan aka fi daɗewa. An yanke kan jirgi, ya je layin gefe ya ɗauko taragu biyu, ya dawo ya haɗa, aka sake gwajin birki daga farko, domin duk lokacin da aka raba bututu sai an sake. A lokacin shantin mai kaya ya tsaya inda zai ga taragonsa. Kowane haɗi duka ne, kuma jerin da ba a giciye ba a nan yake zamewa. Tsakanin taragu akwai ɗan sassauci a mahaɗa, shi ya sa in jirgi zai tashi kake jin ƙara tana bi daga gaba zuwa baya. Direban kirki yana jan sassaucin a hankali har ya miƙe kafin ya ƙara wuta, na baya ba sa jin fizga.

Mu hunturu muka bi, amma wanda zai yi lodi a wani lokaci ya san abin da ke jiransa. Ƙarfe yana miƙewa da zafi. Kwangiri mai tsawon mita 12 da ya tashi daga digiri 15 da asuba zuwa digiri 55 da rana yana ƙara kusan milimita biyar da rabi. Don haka ake barin 'yar tazara a kowace mahaɗa, ita ce ke ba da ƙarar nan da ake ji a ƙarƙashi. In tsatsa ta riƙe faranti da notin mahaɗar, ko tsakuwar da ke riƙe silifa, wato gicciyen da kwangiri ke zaune a kai, ta zaizaye, to a watan Afrilu kwangiri yana iya lanƙwasawa gefe kamar maciji. Da bazara ana rage gudu da tsakar rana saboda haka. Da damina kuma, musamman Agusta da Satumba, ruwa ne ke cin ƙasar ƙarƙashin layi a bakin kwalbati, ya bar kwangiri a rataye yana kama da lafiyayye daga nesa. Ma'aikatan hanya suna bin layi a ƙafa bayan kowane babban ruwa, kuma jirgi ba ya wucewa sai sun ce ya wuce. Mai tumatir ko ɗanyen kifi ba ya iya jure wannan jira. Gero da dawa da riɗi da kanwa da ƙaro suna iyawa, kuma su ne kayan da suka dace da reshen.

Gagarawa, Ringim, Jogana, sai fitilun Kano bayan isha'i. Fasinjoji suka sauka a dandamali, taragun kaya kuwa sai da safe aka tura su layin saukewa. Da yake faɗin layin ɗaya ne da tsohon babban layi, a lokacin tarago daga Nguru yana iya zarcewa Zariya da Kaduna har Legas ba a sauke shi ba. Sabon layi irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 faɗinsa milimita 1,435 ne, ya fi wannan da milimita 368, taragon reshe ba ya hawansa.

Kafin a yanke hatimi, mai karɓa da akawun kaya su tsaya tare su gwada lambarsa da ta webil, gefe biyu. In akwai bambanci ko alamar an taɓa wayar, a rubuta a sa hannu kafin ƙofa ta motsa, domin bayan an buɗe ba mai sauraron ƙorafi. A tura ƙofar daga gefe, kar a tsaya a gabanta. Motocin da za su kwashe zuwa Dawanau su kasance a wurin tun da wuri, saboda akwai wa'adin saukewa kyauta, in ya wuce kuɗin kwana ya fara hawa kan kowane yini. Mun sake ƙirgawa da tsinke, 285 suka fito. Buhu biyu na sahun sama kusa da ƙofa sun goge da ƙarfe sun huje, inda tabarmarmu ba ta kai ba. Geron da ya zube a kan zana muka tattara, ya kai kwano shida, aka sheƙe aka mayar. Aka kwashe zana da tabarmi, aka share daɓen, akawu ya leƙa ya sa hannu cewa an mayar da tarago fanko da ƙarfe goma sha ɗaya da rabi.